Murmushin da Djamila Ta Gani

"Mama, me ya sa kike murmushi, ga shi ana dukan mutum?"

Salamatou ta kai hannu bakinta. Gaskiya ne, murmushi take. Djamila, 'yarta mai shekara shida, tana tsaye kusa da kaskon suyar doya, ta dogara da ƙafarta mai lafiya, tana jiran amsa.

A tsallaken titi, gaban rumfar mahauta, mutum sun fi talatin a kan mutum ɗaya. Yanzun nan wani mai babur ya fizge jakar Hadjara mai atamfa, ta kwarma ihun ɓarawo, ta ce mai jar hular kwano ne. Sai ga Abdoul ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, ya karyo kwana da tasa jar hular. Ba wanda ya tambaye shi komai. Suka finciko shi daga kan babur, wani ya karya ƙafar benci, wani ya ɗauko bulo.

Salamatou kuwa ta ga ɓarawon. Ta gabanta ya wuce, har ya kusa kifar mata da mai, dogo siriri, ya miƙe hanyar Agoè. Abdoul gajere ne kakkaura. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa, ita ko ta ci gaba da juya doya.

Bara war haka Abdoul ɗin nan ya banke Djamila da babur, ƙashin cinya ya karye, ɗorin bai kamu daidai ba. Dattawan Zongo suka yi zama a zauren mai unguwa, har da liman, har da faston ƙaramar cocin su Salamatou ta masu jin Hausa. Salamatou ta miƙe ta ce ta yafe saboda Yesu. Unguwa ta ɗauka, aka yi ta yabonta. Kullum da safe Abdoul sai ya tsaya ya ce, "Yaya Salamatou, ya ƙafar 'yata?" Ta amsa da fara'a, har ta ƙara masa doya yanka biyu. Amma duk lokacin da take shafa wa gajeriyar ƙafar nan man kaɗe, sai ta hango shi kwance a ƙarƙashin tirela, ta ji sanyi a ranta. Ba ta taɓa kiran wannan zunubi ba. Ai hannunta bai yi komai ba.

Matar fasto ta taɓa gaya musu a zumuntar mata cewa zunubin hannu da na baki kowa na gani, ana tsawatarwa, a tuba. Mugunta ita ce wadda mutum ya ɗaure a bayan zuciyarsa kamar akuya, yana ba ta dusa ba wanda ya sani, kuma can Allah yake fara dubawa kafin ya dubi hannu. Ranar nan amin ɗin Salamatou ta fi ta kowa ƙarfi.

Bulon ya sauka a gefen fuskar Abdoul. Jini ya wanke masa riga. Wani ya mirgino tsohuwar taya, wani ya zari kwalbar fetur daga teburin mai sayarwa a bakin titi. Abdoul ya ɗago, ya hango ta ta tsakanin ƙafafun mutane.

"Yaya Salamatou, gaya musu."

Salamatou ta sauke kaskon daga wuta ta tura shi ƙarƙashin tebur, ta dubi Djamila. "Zauna nan. Kada ki taɓa mai, kada ki biyo ni."

Ta tsallaka da gudu tana cewa ba shi ba ne, amma ba mai jin ta. Ta kutsa, gwiwar hannun wani ta fasa mata leɓe, ta faɗa kan Abdoul ta rufe shi da jikinta. Katako ya same ta a kafaɗa, ta ji wani abu ya karye. Fetur ya zubo mata a wuya, sanyi kamar ƙanƙara.

"Madam, tashi, ba ruwanki," in ji mai riƙe da ashana.

"Ƙyasta. Ka ƙone mu tare. Na ga ɓarawon, dogo ne, ya yi Agoè."

Babban mahaucin ya ɗaga hannu. "Ku tsaya. Wannan ce uwar yarinyar da ya gurgunta. In ita ta ce ba shi ba ne, to ba shi ba ne."

Sanduna suka fara sauka ƙasa. Hadjara ta matso tana haki. "Ke 'yar'uwa, tun ɗazu kin gani kika yi shiru?"

"Na yi shiru," in ji Salamatou.

Abdoul ya rayu, amma idon hagu ya tafi. Likita ya ce bulon ne. Salamatou ta san wane bulo, ta san kuma abin da fuskarta take yi lokacin da ya sauka.

Ran Lahadi a coci mata suka taso za su rungume ta, suna cewa jaruma. Ta ce su dakata. Da aka zagayo da gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji, ta bar su suka wuce. Ana tashi ta nufi asibiti, hannu a rataye, Djamila na ɗingishi a bayanta. Ta durƙusa a gefen gadon ta gaya masa komai, har tirelar.

Abdoul ya juyo da idon da ya rage. "Na sani, Yaya. Na ga murmushin." Sannan ya dubi yarinyar. "Ya ƙafar 'yata?"

Kai mai karatu, in ka ce ka yafe, koma ka leƙa bayan zuciyarka ka ga ko akwai abin da kake ciyarwa a ɗaure. Ka kai shi gaban Allah yau, ka kira shi da sunansa. Ranar da zai tsinke igiya ba zai nemi izininka ba, kuma 'yarka tana tsaye tana kallon fuskarka.