Abin da Baba Mai Agogo Ya Ce

Karo na bakwai ke nan mai aski yana danna wurin kai ƙara a dandalin sada zumunta, amsa ɗaya kuma take dawowa: an duba, bidiyon bai saɓa wa ƙa'ida ba. Wa ya duba? Ko minti ɗaya ba a yi ba.

Shi ya ɗauki bidiyon da hannunsa, da hantsi. Baba Mai Agogo, tsohon da ke gyara a rumfar da ke jikin shagonsa, ya miƙe yana tangaɗi, ya cafki iska, ya zube kan teburinsa. Tsoho ne mai barkwanci, ya saba yi musu irin wannan, sai mai aski ya zaro waya yana ƙyalƙyala dariya, ya tura wa abokai. Ashe ba wasa ba ne, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Ya goge nasa, amma ina! Abu ya riga ya bazu. Ya ja ƙofar shago ya garzaya ofishin da ke karɓar irin wannan koke.

"Cike takardar nan," in ji ma'aikaciyar. "Sai bayan kwana goma sha huɗu."

"Baiwar Allah, 'yarsa na kan hanya. Kada ta gani."

"Kai ɗan'uwansa ne? Doka ta ce sai dangi, ko wanda ke cikin bidiyon."

"Ni maƙwabci ne."

Wanda ke cikin bidiyon kuwa yana can kwance an lulluɓe shi.

Da yamma 'yar ta iso. Ya yi mata ta'aziyya kansa a sunkuye, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Har ya juya ta tsayar da shi.

"Yaya, an ce kai ne kusa da shi." Ta miƙo wayarta. "A mota na gani, ya fi sau ashirin. Bakinsa na motsi, yana faɗin wani abu, amma dariyar wani ta rufe. Don Allah, me ya ce?"

Ya laluba ko zai sami ƙarya mai daɗi ya ba ta, bai samu ba.

"Ban ji ba, ƙanwata. Dariyar tawa ce."

Ta zauna a bencin mahaifinta, ta rage sautin gaba ɗaya, ta kawo wayar dab da fuskarta tana kallon leɓɓansa.