Tsoho a Sashen Saye da Sayarwa

A zauren teloli na intanet babu wanda bai san Almakashi ba. Ita ce mai kula da zauren, kuma ba a banza aka laƙaba mata sunan ba. Ka ɗora tambayar gyaran keke a sashen sabon yayi, kafin ka ƙifta ido ta kwashe ta ta kai inda ya dace, haɗe da 'yar nasiha mai yaji. Ka maimaita saƙo, ta bar na farko ta goge sauran. Ita da kanta ta kafa dokar cewa duk wanda ya turo abu ɗaya fiye da sau uku, zauren ya rufe masa ƙofa mako guda, ko ɗan gidan uban waye. A gida mace ce mai sanyin hali, amma a zaure sai dai a yi shiru.

Mahaifinta tsohon tela ne, rabin 'yan zauren a gabansa suka koyi yanka. Yanar ido ta zaunar da shi shekaru, kekensa na lungun shagonta an lulluɓe da tsohon zani. Ba rashin ganin ne ya fi cin ransa ba. Cewa yake an manta da shi, ko mai kawo ɗinkin maɓalli babu.

To, aka yi masa aikin ido. Da ya warware, ran nan da hantsi ya shigo shagon ba mai riƙe masa hannu, ya zauna a bakin tebur, ya ɗauki allura da baƙin zare. Ya lashi bakin zaren, ya ɗaga wajen hasken taga, sai ga zare ya wuce sumul.

Almakashi ta yi tsalle har tef ɗin awo ya faɗo daga wuyanta. Dariya take, hawaye na zuba, ta rasa inda za ta sa kanta don murna.

"Baba, sake yi in ɗauka."

Ya sake, har da 'yar yanga. Ya ce, "Ki nuna wa yaran nan. In akwai mai tunawa da ni, ya san na dawo."

Nan take ta ɗora bidiyon a zauren. Sabis ya tsaya yana juyi. Ta danna, shiru. Ta ƙara dannawa, ta fita ƙofar shago ta ɗaga wayar sama tana dannawa kamar mai kashe kiyashi. Can sabis ya saki, wayar ta nuna mata rubutun da ita ce ta tsara shi da hannunta: an dakatar da ke mako guda saboda maimaita saƙo.

Ta zauna daɓas a kan buhun ƙyalle. Baba na gefe yana jira, sai tambaya yake, "Sun gani? Wa ya yi magana?" Ita kuwa ko leƙen zauren ba ta da iko.

Sai ga kiran mataimakinta, wanda 'yan zaure ke ce wa Zik saboda bakinsa ba ya rufuwa. Dariya ta hana shi sallama.

"Anti, sau tara kika turo bidiyon. Kuma duk a sashen saye da sayarwa. Wani na tambaya keken ake sayarwa ko tsohon, wata ta ce in tsohon ne ita ta riga kowa."

Kunya ta rufe ta, amma dariyar ta fi ƙarfinta. Ta ce, "Ka bar na farko, ka goge sauran. Doka ce."

"Na sani. Sai dai kowanne da jama'arsa a ƙasa. In na goge, maganganunsu sun tafi ke nan."

Nan ta yi turus. Sau nawa ta goge irin wannan ba ta ko duba abin da ke ƙasa ba? Ta kalli Baba, ya matso da kujera har gwiwarsa na taɓa tata.

"Karanto masa tukuna," ta ce, ta buɗe muryar wayar.

Zik ya fara. A ƙasan na biyu, mai ɗinkin labule ya rubuta cewa wannan hannun ne ya fara ɗora shi a kan keke. A na huɗu, wata ta ce har yau tana jin muryarsa in ta karkace kalmasa. Baba na ta gyaɗa kai yana kiran kowa da sunan tsokanar da ya sa masa. A na bakwai, yaronsa na farko, wanda yanzu shi ma ya yi furfura, ya ce gobe zai zo da yadi, kuma ba wanda zai taɓa masa shi sai maigida.

Baba ya goge sabon idon nasa a hankali da gefen riga.

"Anti, in goge?" in ji Zik.

"Ka haɗe su wuri ɗaya, ka kai sashen labarai. Kalma ɗaya ta ɓata, ni da kai ne."

"Dakatarwar fa? Dannawa ɗaya ce in buɗe miki."

"Bar ta. Ni na kafa, ni zan sha."

Da ta ajiye wayar, Baba ya riga ya yaye zanin da ke kan kekensa, yana hure ƙura.

"Ke," ya ce, "ina kika ajiye man keke? Gobe ina da aiki."