Mai Duba Bayan Wendell

A garin su Wendell Thibodeau, can jihar Maine ta Amurka, da watan Yuni ya kama sai kowa ya cusa ƙafar wando cikin safa. Lokacin kaska ne. Bareyi kan shigo har harabar gidaje su ci furanni, su bar tsarabarsu a ciyawa, 'yan mitsi-mitsi, ƙwayar riɗi ma ta fi su girma.

Wendell ba ya wasa da abin. Kullum ya dawo daga gonar tuffa sai ya duba ƙafafu da hammata har tsakanin yatsu. Sai dai tun rasuwar matarsa bayansa ba mai dubawa.

Wata Asabar yana faskare, zafi ya ishe shi, ya tuɓe riga. Maƙwabciyarsa Lorraine, wadda ita ma mijinta ya rasu, tana shanya ta hango shi ta kan shinge.

"Kai Wendell, wa ya zana maka faifai a baya?"

"Wane faifai kuma?"

"Ja jawur, ga shi nan zagaye. Ba ka jin zazzaɓi?"

"Gaɓoɓina dai ke ciwo. Tsufa ne."

"Tsufan gidanku! Sa riga mu tafi."

Likita ta ce cutar kaska ce, amma an tare ta da wuri. Ta rubuta magani, sannan ta tambaye shi wa ke duba masa baya. Wendell ya hau sosa ƙeya.

"Ni ce, daga yau," in ji Lorraine.

Haka kuwa aka yi. Kowace yamma sai ga ta da tabarau da hantsaki, tana dubawa tana mita. Da ya warware ya ce shi ma sai ya rama, ya riƙa duba mata ƙeya da bayan kunne. Har guga ya fara yi wa rigar da zai tuɓe.

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, Lorraine ta jefa hantsakin cikin jaka.

"To, aiki ya ƙare. Sai baɗi."

Wendell ya yi wuf ya ce: "Ai akwai masu taurin kai. Ko da hunturu, rana na ɗan leƙowa sai su fito."

Ta kalle shi ta saman tabarau, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Tsoho, in aure kake so, buɗe baki ka faɗa. Bar ɗora wa kaska."

Ya kuwa faɗa. Kafin Kirsimeti aka ɗaura a ƙaramin cocin garin, likitar ma ta zo ta ci kek.