Motar Shigar Ta Juyo Baya

Nusrat Bano, malamar fiziks, ta dire takardun gwajin a kan tebur har shayin gishirinta ya fantsama. Kaf ajin sun faɗi, ko mutum ɗaya ba ta tsira ba. Ga shi Madam Tahira, shugabar makarantar, ta riga ta ja mata kunne: in 'yan matan nan suka kasa fiziks a wannan zangon, za a rufe ajin kimiyya, kowa ta koma ajin adabi. Abin ya ci mata rai ƙwarai, don ita ce ta bi gida-gida a garin nan na Skardu, a arewacin Pakistan, tana roƙon iyaye su ba ta yaran.

Kuma tambayar fa ba wata tsiya ba ce. Zane ne kawai: layin kwance lokaci, na tsaye nisa daga Skardu. Mota ta tashi a guje, ta tsaya, sannan ta lallaɓa ta isa garin Shigar. Ta sake zana shi a allo, alli na ƙara a hannunta.

"Marziya, taso. Ke da kika ishe mu da zancen zama injiniya, karanta mana."

Marziya ta gyara mayafi, ta ɗora yatsa a kan allon.

"To, Malama, ga ta nan a Shigar. Ta taso a hankali, ta tsaya, direba ya sha shayi..."

"Ko dai taya ce ta yi faci," in ji Siddiƙa daga bencin baya. Aji ya kwashe da dariya.

"...sai ta kwaso da gudu ta shigo Skardu."

Nusrat ta buɗe baki za ta zazzaga mata faɗa, sai idonta ya sauka a kan yatsan. Daga dama ya taso, yana gangarowa hagu. Haka suke karanta harshen Urdu, haka suke karanta Alƙur'ani, haka suke karanta komai tun suna ƙanana. Ita kuwa da Turanci ta yi karatu a birnin Rawalpindi, ko a mafarki ba ta kawo wannan ba.

Ta wawuri takardun. Inda layi ya miƙe tsaye-tsaye sun rubuta gudu, inda ya kwanta sun rubuta tsayawa. Ashe sun iya! Motar kawai suka juyo da ita gida. Daɗi ya kama ta har da ƙwalla.

"Wannan hayaniyar fa?" Madam Tahira ce a bakin ƙofa, fuska a murtuke.

"Madam, ba fiziks suka kasa ba. Daga dama suke karanta zanen."

Madam Tahira ta daɗe tana kallon allon.

"To wa ya ce lokaci daga hagu yake tasowa?"

"Haka aka saba zana shi. Ni ce dai ban taɓa faɗa musu ba."

Marziya ta mayar da yatsa hagu, ta fara jan shi, ta tsaya.

"Wallahi, Malama, ƙin tafiya yake."

"Zai saba. Ja shi."

Ta ja. Mota ta bar Skardu.

"Ki sake musu gwajin ranar Litinin," in ji Madam Tahira. Maimakon ta fita, sai ta ratsa tsakanin bencina ta nufi baya. "Matsa mini, Siddiƙa. Ni ma Skardu na ga ta shigo."