Taya ta Huɗu

"Ba ni na aike shi ba," in ji Mutlak, yana tsaye a bakin ƙofarsa da kofin gahawa a hannu. "Ki kira ɗanki."

Ummu Mish'al ba ta motsa ba. Ta raɓe a gefen ƙofar, fuskarta na kallon bango, waya a hannunta. Matar Jarallah ce, maƙwabcinsa na katanga ɗaya, kuma an yi shekaru ba wanda ya tako wannan dakali daga gidansu.

"Mish'al yana Riyad, ya Abu Bandar. Kafin ya iso nan Zulfi rana ta faɗi. Mutumin nan shekaranjiya aka sallamo shi daga asibiti, likita ya ce zuciyar ko matakala ba za ta ɗauka ba. Mun ɓoye makullin mota, ashe yana da wani. Yanzu ya bugo, wai motar ta kafe a rairayi. Ina jin yadda numfashinsa ke fita."

"Shi ya ce ki zo wurina?"

"Cewa ya yi in na zo wurinka, a bakin aurena."

Mutlak ya dubi ƙofar gidan Jarallah. Inda tsohuwar Nissan Patrol ɗin take kwana babu komai sai tabon baƙin mai. Daga cikin gidansa kuwa ya ji takun ɗansa Bandar a kan daɓe, ƙafa ɗaya na sauka, ɗaya na jan ƙasa. Wannan takun shi ne tsakaninsa da Jarallah. Bandar yana ƙarshen sakandare lokacin da Jarallah ya ɗauke shi zuwa tuddan rairayi, ya damƙa masa sitiyari ba da sanin ubansa ba. Motar ta kife a gangare. Ita an gyara ta cikin wata ɗaya. Ƙafar yaron ba ta gyaru ba.

Kafin wannan, faɗansu na mota ne kawai, irin wanda ake yi a kowane majalisi na garin: 'yan Patrol gefe guda, 'yan Land Cruiser gefe guda, kowa na rantsuwa tasa ce uwar rairayi. Bayan wannan, ko a masallaci suka haɗu a sahu, Mutlak sai ya bar gurbi a tsakaninsu.

Amma mutum ya kafe a daji an zo an gaya maka. Faza'a ke nan, kai ɗauki, kuma ba a tambayar wane ne. Wanda ya ƙi fita, jikokinsa ma sai an goranta musu.

"Turo wa matata Ummu Bandar inda yake ta waya," ya ce, ya ajiye kofin da ƙarfi.

Bandar ya leƙo. "Baba, in zo? Na san wurin."

"Na san ka san wurin. Koma ciki."

A hanya ya kira motar asibiti. Suka ce ba sa shiga rairayi, sai dai ya fito da shi kwalta su tare shi. A bakin daji ya tsaya ya rage wa tayoyin Land Cruiser ɗinsa iska, kamar yadda kowa ke yi don taya ta baje ta hau kan yashi, yana yi yana ƙunƙuni. Sawun Jarallah ba ya ɓuya. Shi kaɗai ne zai bar hanya mai sauƙi ya miƙe kan tudu mafi tsawo.

Ya same shi a wani kwari tsakanin tuddai biyu. Patrol ɗin ta nutse har ciki. Jarallah na zaune bayan sitiyari, fuskarsa ta yi launin toka, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa duk da sanyin hunturu. A kan yashi akwai butar gahawa da 'yan itatuwa da bai kai ga kunnawa ba.

"Duk Zulfi an rasa namiji sai kai?" in ji Jarallah.

"Mazan suna wurin aiki. Sai mu da aka bar wa kwasar tsofaffin mahaukata. Sauko ka shiga tawa."

"In shiga me?"

"Motata. Asibiti za mu."

"Gara a ɗauke ni a kan jaki." Ya tura ɗan ƙarfen ƙofa ya kulle. "Ni da motar nan tare muka shigo, tare za mu fita."

Mutlak ya daki gilashin da tafin hannu. Jarallah ƙaton mutum ne, ko da ƙofar a buɗe take ba mai ɗaga shi shi kaɗai. Ya koma bayan motarsa ya ciro igiyar ja.

"Me za ka yi da wannan?"

"Rataye ka zan yi. Me ake yi da igiya?"

"Wallahi ka ɗaura wa motata igiyar nan, sai na taka birki har mu kwana a nan. Shekara ashirin da wani abu tana jan na wasu, ba a taɓa janta ba. Yau Land Cruiser ce za ta ja ta? Ta mai zuwa sayen tumatir? A ɗauka a waya a yi ta yawo da ni?"

"Wa zai ɗauka? Ƙadangaru?"

"Kai. Na san ka."

Maganar ta ƙare masa da tari, ya dafe ƙirji da hannun dama. Na hagun yana kwance kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Mutlak ya dubi hannun, ya dubi rana da ta fara karkata, ya yar da igiyar ya ɗauko shebur.

Ya haƙa gaban tayoyin huɗu, ya kwanta ya yashe ƙarƙashin motar, yashi na shiga masa baki da kunne. Sannan ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana ƙara sace musu iska, har suka baje kamar gurasa. Ba wata hanyar fita daga kwari irin wannan ba tare da ja ba.

"Ya isa haka!" in ji Jarallah ta taga. "So kake ka cire su daga ƙarfe?"

"Matsa can. Da wane hannu za ka tuƙa?"

Wannan karon bai yi musu ba. Ya buɗe ƙofa, ya ja jiki da ƙyar zuwa ɗaya kujerar. Mutlak ya shiga. Motar na warin turaren wuta da tsohuwar fata. A wannan kujerar ɗansa ya zauna. Ya riƙe sitiyarin kamar mai riƙe abin ƙazanta.

"Ƙaramar giya," in ji Jarallah. "Sa ƙaramar giya. A hankali. Na ce a hankali, ba taka wutar sigari kake yi ba! Baya kaɗan. Yanzu gaba. Ba ta mai! Ba ta mai, ɗan halal, ba kuɗinka ba ne!"

Motar ta girgiza, ta yi kuka, ta ɗago kanta ta fito. Jarallah ya yi wata 'yar dariya mai kama da shaƙuwa.

"Ka gani? Ko a hannun wanda bai iya ba."

"Ka yi kalmar shahada ka bar surutu."

"Na yi tun kafin ka zo. Ba kai za ka koya mini ba."

Suka bar Land Cruiser ɗin a kwarin, ƙofarta a buɗe. Mutlak ya bi gindin tuddai, yana kauce wa kowane gangare.

"Ji tuƙi," in ji Jarallah. "Ka sayi mota mai ja da tayoyi huɗu, ka mai da ita keken jarirai. Da ka koya wa yaron da kanka, da bai zo ƙofata yana roƙo ba."

Mutlak ya ji jini ya hau masa kai. "Kar ka sa sunan ɗana a bakinka."

"Na ce masa kar ya juya a gangare. Sau nawa na faɗa? Ya juya."

"Yaro ne! Kai ka ba shi sitiyari!"

"Kai ka hana shi. Wanda aka hana, a ɓoye yake koya, da tsoro. Tsoron ne ya juya motar."

"In ba don matarka ba, wallahi a nan zan sauke ka."

"Sauke ni mana. Motar wa kake ciki?"

Numfashin Jarallah na fita da ƙara. Da kwalta ta bayyana, baƙa, miƙaƙƙiya har garin, Mutlak ya ji sanyi a ransa. Ya rage gudu don hawa kafaɗar titi. Kafin ya ankara, hannun dama na Jarallah ya miƙo ya murɗe makulli ya zare. Injin ya mutu.

"Me ka yi? Ba ni!"

"Iska."

"Wace iska?"

"Ba a hawa kwalta da taya haka. Ko jaririn garin nan ya sani. Injin buga iska na bayan mota."

"Motar asibiti na hanya! A hankali zan tafi mu tare ta. Kai, mutuwa kake yi, ka sani kuwa?"

"Na fi ka sani. Tayoyin sababbi ne, ko wata biyu ba su yi ba. Kafin mu kai gidan mai ka yayyaga su."

"Su yage! Zan saya maka wasu!"

Mutlak ya kama hannun yana ƙoƙarin ɓamɓare yatsun. Ƙarfin da ya rage wa tsohon duk ya taru a wannan dunƙulen. Suka yi ta kokawa kamar yara, har ya ga leɓɓan Jarallah sun yi shuɗi, ya sake shi don tsoro.

"Ba tawa ba ce yanzu," in ji Jarallah, kalma ɗaya ɗaya. "Na gaya wa Ummu Mish'al, na gaya wa Mish'al. Ta Bandar ce. Ba zan bar masa mota da yagaggun tayoyi ba."

"Ɗana ba zai taɓa ta ba. Ƙona ta zan yi."

"Ka ƙona. Amma ka buga iskar tukuna."

Mutlak ya fita ya buga ƙofar har motar ta girgiza. Ya ciro injin buga iska, ya ɗaga bonet ya maƙala shi a batir, ya durƙusa gaban tayar farko. Injin ya kama ƙara. Tayar na tasowa a hankali, a hankali, kamar da gangan. Yana duban titi, babu komai sai wani rakumi can nesa a bayan shingen waya.

"Ta yi?" ya ɗaga murya.

"Ƙara," aka ce daga ciki. "Kai komai naka rabi rabi."

Ya ƙara. Ya koma ta biyu, ta baya, yana zagi ƙasa ƙasa, yana roƙon Allah a tsakanin zagin. Da ya zagayo ta uku, ta ɓangaren Jarallah, ya ga gwiwar hannunsa a kan taga.

"Saura ɗaya bayan wannan. Ka shirya makullin, ka ji ko? Abu Mish'al?"

Ƙarar injin ta cika wurin. Ya bari tayar ta cika, ya zare bututun, ya miƙe.

Kan Jarallah ya jingina da kujera, idanunsa a buɗe suna kallon gilashin gaba. Mutlak ya sa yatsu a wuyansa ya daɗe. Ya kira sunansa na yanka, wanda ya yi shekaru bai furta ba. Sannan ya yi salati, ya shafa idanun suka rufe, ya jawo mayafin kansa mai ja da fari ya lulluɓe masa fuska. Makullin na nan a dunƙulen, bakinsa ya leƙo tsakanin yatsu. Bai taɓa shi ba.

Can ƙarshen titi, wajen gari, wata jar fitila ta fara walƙiya, ƙarama kamar garwashi. Rana ta kusa taɓa tuddai. Motar na tsaye a karkace, tayoyi uku a cike, ta gaba ta dama a baje cikin yashi. Injin na ta kuka a ƙasa, bututun na hura iska a banza.

Mutlak ya ja shi zuwa gaba, ya durƙusa, ya share yashin da ke bakin tayar da babban yatsa, ya maƙala bututun. Gefen motar ya fara ɗagowa.