Farcen Miriyamu

Farcen babban yatsana na dama ne ya fara. Ya yi ruwan ɗorawa, ya yi kauri, bakinsa yana marmashewa kamar tsohon ƙuli-ƙuli. Kafin damina ta ɗauke, uku sun bi sahunsa. Da wata ce, tsaki za ta yi ta ci gaba da aikinta. Ni kuwa na tsorata, domin ni 'yar kuturu ce.

Ina da shekara bakwai a ƙauyenmu Betso aka ware wa babana kwano, aka yi masa bukka a bayan gida. Ranar da na ruga na rungume ƙafarsa, shi da kansa ya ture ni har na faɗi. Bai sake taɓa ni ba har ya rasu. Na daɗe ina jin haushinsa, sai da na girma na gane tsoro yake ji kada ya shafa mini.

Kunun zaƙi nake sayarwa a bakin tashar Mubi. Daga jiƙa dawa sai tace gasara sai wankin kofuna, hannuna ba ya bushewa. Idan aka ji ƙishin-ƙishin mai kunu ta kamu, ko ƙuda ba zai sake sauka a kan bokitina ba. Amma ba kunun ne ya hana ni sukuni ba. Dorcas ce, 'yata tilo, wadda a lokacin ta fara tafiya, kuma ba abin da take so kamar ta kama yatsana ta sa a baki.

Ban faɗa wa mijina Vandi ba. Kafinta ne, mutumin da zai hango ƙusa ta karkace daga ƙofar gida, amma bai ga matarsa tana ɓoye hannu a cikin zane ba. Na ƙunsa lalle ya rufe launin. Sannan na ɗauko man maɗaci, wanda a wurinmu mutanen dutse ba ciwon da ba a shafa masa. Sai wayona ya ba ni in naɗe yatsun da leda don kada man ya fita. Haka nake wuni, ruwa da gumi suna kwance a ciki.

Na ware kwanona na ce azumi nake, daga baya zan ci. Na yaye Dorcas ba shiri, na miƙa ta ga Margret, ƙanwar Vandi da ke zaune da mu, na ce aiki ya yi mini yawa. Margret ce mai wanka, ita ce mai goyo. Duk sanda yarinyar ta taho da gudu ta ɗaga mini hannu, sai in ɓoye nawa a baya in daka mata tsawa: “Kul! Kar ki taɓa!” Tana kuka, ni ma ina yi a zuci. Wata goma muka yi a haka.

Abin sai gaba yake yi. Gefen farcen ya kumbura, ya tara mugunya, yana zogi har hammata. Kullum da safe sai na ƙirga yatsuna. Wata Laraba ina tace gasara, farcen ya ɗago ya faɗa cikin baho. Na kurma ihu ban san na yi ba. Margret ta zo ta gani, ta faɗa wa yayanta, shi kuma ya ɗora ni a keke sai asibiti. A hanya na yi ta kallon gari ina ban kwana da shi.

Mai duba marasa lafiya a ƙaramin asibitin wani dattijo ne, Malam Seth, wanda Hausarsa ba ta bambanta “ka” da “ki”. Ya kwance ledar, ya kawar da hanci. Ya duba bayana da hannuwana ko akwai tabo, sannan ya ce in rufe ido. Ya riƙa taɓa ni da auduga nan da can.

“Ka ji, mama?”

“Na ji.”

“Nan fa?”

“Na ji, Malam.”

“To, kuturu ba ya ji. Wannan ɗan'uwan makero ne, ruwa yake so, kai kuma ka gina mishi gida da leda. Man maɗaci ba shi da laifi sosai, amma shi kaɗai ba zai kashe shi ba. Mugunyan nan ne abin tsoro. Da ka ƙara sati biyu, sai mu yi maganan yanke yatsa.”

Ya yi mini allura, ya rubuta ƙwayoyi a kati mai hatimin Jihar Gongola, ya ce in sha har sabon farce ya fito, in kuma riƙa busar da hannu. Na tambaye shi ko zan iya ɗaukar 'yata. Ya kalle ni kamar mai taɓin hankali.

“Wa ya hana ka?”

Ban jira keke ba, da ƙafa na riga Vandi isa gida. Dorcas tana tsakar gida tana wasa da murfin tukunya. Na durƙusa, na buɗe hannuwana duka biyu.

“Zo, 'yata. Zo wurin Mama.”

Ta miƙe ta dube ni. Ta ja da baya har ta jingina da ƙafar Margret, ta ɓoye hannuwanta a baya yadda nake yi.

“Kul,” in ji ta. “Ba a taɓawa.”