Mai Kunna Tabar Gwaji

Bayan likita ya buɗe ƙirjin Leszek ya ɗinke, Leszek ya yi wa matarsa Bożena alkawarin barin taba har abada. Da gaske yake, sai dai wurin aikinsa bai san da zancen ba.

A masana'antar kujerun kushin da yake aiki a garin Kępno, ba a ɗinka wa kujera ƙyallen shaidar cewa ba ta saurin kama wuta sai yadi da soso sun ci gwaji. Kafin a tura samfuri ɗakin gwaji, mai masana'antar, Pan Czesław, wato Malam Czesław a yarensu, yakan sa a fara gwadawa a bayan shago. A kunna sigari, a kwantar da ita a lungun da mazauni ya haɗu da majingina, a jira ta cinye. In yadin bai ci gaba da ci ba, ya tsallake. Sigari kuwa ba ta kamawa sai an zuƙa, kuma tun fil azal Leszek ne mai zuƙar.

Da aka kawo sababbin yadudduka, sai kishin lafiyar jama'a ya taso masa. Yadi ɗaya ya gwada, ya sake gwadawa, wai hankalinsa bai kwanta ba.

Ran nan Bożena ta sansana rigarsa.

"Tsoho, kai ne ka kama wuta ko kujerar?"

"Doka ce, Bożenka," in ji shi, yana kiranta da sunan lallashi. "Ba a wasa da gobara."

"Madalla. Gobe zan zo in gaisa da dokar."

Ta zo kuwa, da 'yar robar nan da ake zuƙe wa jarirai majina, ta jikarsu. Ta matse ta, ta cusa gindin sigari a bakinta, ta kara ashana, ta saki a hankali. Kan sigarin ya yi jajir.

"Pani Bożena, kin ceci huhun ma'aikacina," in ji Pan Czesław, yana girmama ta da Pani, wato Malama.

"Robar ba ta da ƙwarewa," in ji Leszek.

"Ba ta kuma tari," ta ce.

Aka kwantar da sigarin a lungun kujera, aka tsaya ana kallo. Leszek ya lura da inda iska ke kai hayaƙin, ya fara gusawa can, kamar mai son duba ɗinki. Bożena ko kallonsa ba ta yi ba, ta kama hannun rigarsa ta maido shi ɗaya gefen.